Wane hedifon ne zai iya ɗaukar post-rock da metal marar waƙa a Legas?

Mu Hausawan Legas masu sauraren post-rock da metal marar waƙa, wato nau'o'in kiɗan jita da ganga na Turawa da galibi ba a rera komai a ciki, ba mu da yawa, amma duk wanda ya fara shiga harkar sai ya yi tambaya ɗaya: wane hedifon zan saya? Amsar tana rataye da yadda kiɗan yake. Ƙungiyar Godspeed You! Black Emperor ta birnin Montreal a Kanada ta fitar da faifai a 2000 mai ɗauke da kiɗa huɗu kacal, kowanne wajen minti 20. Irin wannan kiɗa yakan fara da jita ɗaya can ƙasa-ƙasa, da ƙyar kake jinta, sannan ya dinga haɗuwa kamar hadarin damina har ganguna da jitoci su ɓarke gaba ɗaya. Su Mono na Japan haka suke, su Russian Circles na Chicago kuma mutum uku ne amma mai jitarsu yakan ɗora sauti a kan sauti har ka ɗauka su goma ne. Don haka abin da za ka sa a kunne dole ya fito da sassanyan farko ba tare da hayaniyar waje ta cinye shi ba, ya kuma riƙe kansa lokacin da komai ya ɓarke, kada ya cakuɗe maka ganga da jita wuri guda. Sannan ya zama abin da kunne zai jure na awa ɗaya ko biyu cikin zafi da gumin Legas.

Ni dai zaɓina Beyerdynamic DT 770 Pro ne, mai om 80 (om ma'aunin tirjiyar lantarki ne, galibi mai om da yawa ya fi buƙatar ƙarfi kafin ya yi ƙara). A Jamus ake ƙera shi, kuma bayansa a rufe yake, wanda shi ne sharaɗi na farko ga wanda ke zaune a Agege ko Mile 12, inda janaretan maƙwabci ba ya hutawa. Ba zai kashe maka ƙarar duniya baki ɗaya ba, amma yana rage ta har ka ji ɗan karkarwar igiyar jita a farkon kiɗa. Idan aka zo wurin nauyi, ƙarar ƙasa tana sauka sosai ba tare da ta rufe sauran ba, kana iya bin mai bes, wato jita mai kaurin murya, daban, mai ganga daban. Yana kuma ba kiɗan fili, ka ji wannan jitar daga hagu, waccan daga dama can nesa, abin da masu rufaffen baya da yawa ba sa iyawa.

Amma abin da ya fi sa na manne masa shi ne soson kunnensa. Na karan-miski ne, yadi ne mai laushi da ke barin fata ta sha iska. Wanda bai taɓa ganin yadda danshin Legas ke cin fatar roba ba ba zai gane muhimmancin wannan ba. Na taɓa mallakar wani hedifon mai tsada da soson fatar roba, damina ta zo ta wuce sai ga shi yana ɓarewa, duk na cire shi sai baƙin ɓurɓushi a kunne da wuyan riga, ranar Juma'a ma da fararen kaya ban tsira ba. Tun daga nan kafin in tambayi sauti sai na taɓa soso. Na DT 770 ana cire shi a wanke da ɗan sabulu, a shanya a inuwa, idan ya mutu a sayi wani. Abin kai ma ana canza shi. Kula da wannan: mai om 32 da fatar roba yake zuwa, mai 80 da mai 250 su ne masu karan-miski, kuma mai 250 sai da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, zai yi maka ƙara yadda ya kamata. Aibin mai om 80 ɗin biyu ne. Wayarsa doguwa ce, mita 3, kuma ba a zare ta, sai ka naɗe ta da kyau. Sannan ƙarar samansa tana da kaifi, faifan da aka ɗauka da kuge mai yawa zai iya gajiyar da kunne, sai ka ɗan rage ta a manhajar da kake sauraro da ita.

Audio-Technica ATH-M50x yana da kyau, ana zare wayarsa, wayar salula ma tana ba shi ƙara cikin sauƙi, amma sosonsa fatar roba ce kuma yana matse kai. Sony MDR-7506 tun 1991 yake aiki a ɗakunan ɗaukar sauti, sai dai sosonsa ya yi suna wajen ɓarewa. Sennheiser HD 600 ya fi su duka daɗin jita, amma bayansa a buɗe yake kuma om 300 ne, sai mai ɗaki shiru a Ikoyi. Masu Bluetooth da ke kashe hayaniya suna maganin gurnanin inji a cikin BRT, ba sa maganin hon ɗin danfo da ihun kwandasta, ga batir da zafi ke kashewa a hankali. Iyafis ɗin da ake tallarsa a gosulo kuwa, ko kyauta aka ba ka, ajiye shi don amsa kira.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke salwanta. Irin waɗannan hedifon ana buga jabunsu, musamman M50x da MDR-7506, kuma jabun yanzu ba irin na da ba ne, har kwali da takardar ciki suna kwaikwaya. Ko a Computer Village na Ikeja ko a Alaba International akwai 'yan kasuwa masu amana da ke sayar da na gaske, akwai kuma waɗanda ke jiran baƙo. Da zarar an ji harshenka an kira ka aboki ko Alhaji, wasu sun riga sun yanke cewa ba ka san kaya ba. Kada ka bi ɗan kamashon da ya tare ka a bakin hanya yana cewa ya san shagon da ya fi araha, kuɗinsa a cikin naka zai fito, kuma gobe ba za ka same shi ba. Shiga shago mai suna a jiki da rasit mai adireshi.

Ledar da aka rufe kwali da ita ba shaida ba ce, injin manna ta ba shi da tsada. Idan mai shago ya ce ba a buɗewa sai an biya, yi masa sallama. Je da wayarka da kiɗan da ka haddace, wanda ke da wuri mai sanyi da wuri mai nauyi. A wurin sanyin, saurara ko kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙara, don jabu da wuya ɓangarorinsa biyu su daidaita. A wurin nauyin, ƙara murya ka ji ko wani abu yana kaɗawa a ciki. Duba rubutun jiki da ɗinkin abin kai da bakin wayar hedifon ɗin, ka gwada su da hotunan da ke shafin kamfanin. Tun kafin ka fita daga gida ka duba farashinsa da dala, ka lissafa da canjin ranar. Wanda ya ba ka sabo a rabin wannan kuɗin, ba rahusa ya yi maka ba.

Akwai wata dabara da aka taɓa yi mini a wani shago, kuma har yau tana ci mini rai: ka gwada na gaske ka gamsu, sai a ce bari yaro ya sa maka a leda a ciki, ya fito maka da wani. Wanda ka gwada kada ya bar hannunka, kai za ka mayar da shi kwali da kanka. Haka masu cewa tokumbo ne, wato na hannu, daga Landan, wani lokacin gangar jikin ta gaske ce amma an canza lasifikan ciki. Na hannu ba laifi ba ne, DT 770 ma yana jure shekaru, sai dai gwajinsa ya ninka na sabo. A intanet kuwa, kada ka tura wa mai talla a Instagram kuɗi kafin kaya su iso hannunka.

Idan wayarka ba ta da ramin hedifon, kamar iPhone tun daga ta 7 a 2016, za ka buƙaci ɗan mahaɗi da ake sokawa a ramin caji, kuma shi ma akwai jabunsa a kasuwa. Na jabu yakan yi wani siririn huci da za ka ji daidai lokacin da kiɗan ya yi shiru, don haka shi ma a gwada shi a wurin, da hedifon ɗin da za ka haɗa shi da shi.