Babbar kasuwa ko ta unguwa: ina cefane ya fi sauƙi a Kano?

'Yar uwa, kin tambaya ko ki riƙa haɗa kuɗin wata ki tafi babbar kasuwa, ko ki ci gaba da saye kaɗan-kaɗan a unguwa. Abin ya danganta da kayan: wani yana ajiyuwa, wani kwana biyu ya ruɓe.

A kan hatsi, babbar kasuwa ta yi wa ta unguwa nisa. Masara, gero, dawa da wake, kasuwar Dawanau ce gidansu, can hanyar Katsina, musamman da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba. Mai awo a unguwa ma yawanci can ya saro, ya ɗora kuɗin mota da ribarsa a kan kowace tiya. Shinkafa, sukari, taliya da mai kuwa, kasuwar Singa za ki nufa. Sai dai a lissafa har da kuɗin A Daidaita Sahu da na ɗan dako. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, zuwa Dawanau don tiya uku asara ce. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku sayi buhu ku raba. Kuma kada ki yarda da abin da ke bakin buhu, a zuba miki ki ga na ƙasa, don wake mai ƙwari a can yake ɓuya.

Kayan miya ne ke ruɗin mutane. Kwandon tumatir a 'Yankaba yana da araha ƙwarai daga Janairu zuwa Maris, lokacin da na noman rani daga Kadawa ya cika gari. Amma me za ki yi da kwando guda ga zafi, ga rashin wuta? In za ki yanka ki shanya, ko ki markaɗa ki dafa ki adana, to kin ci riba, domin da damina ta faɗi zai yi tsada. In ba haka ba, rabinsa bola zai tafi. Ni a nan na fi son mai tebur na unguwa, da yamma, sa'ad da yake son ya sallamar da ragowar kayansa. Ya san fuskarki, zai yi miki gyara, ran da babu ma ya ba ki bashi. Albasa ce kaɗai nake saya da yawa, tana jurewa in an baza ta inda iska ke shiga.

Tukwane, robobi da ludayi ki tafi Sabon Gari, shaguna a jere. Ki tambayi uku kafin ki taya, ki ɗaga tukunyar ki ji nauyinta, mara nauyi saurin ƙona abinci take yi. In mai shago ya ce albarka, ki matsa gaba. In da sauran ragi, zai kira ki.