Yawon kallon hasumiyar Pulaski a Savannah: ya biya kuɗinsa amma da saura

Masu tambaya ko biyan ɗan rakiya don zagayen tarihi a Savannah ta jihar Jojiya a Amurka yana da amfani, amsata ita ce eh ku biya, amma ku san abin da za ku tambaya tun kafin kuɗi ya bar hannunku. Ni zagayen ƙafa na shiga, irin wanda kamfanoni da yawa ke yi a tsohon gari, ana haɗa ku rukuni mutum ɗaya yana gaba yana bayani. Shiga dandalolin kyauta ne, guda 22 ne a garin kuma babu mai tare ka, bakin mai bayanin kawai kake saya.

Inda ya fi burge ni shi ne dandalin Monterey, wajen hasumiyar Casimir Pulaski. Farin dutsen marmara ne mai tsawon ƙafa 55, a can ƙoli mace ce a tsaye riƙe da tuta, alamar 'yanci kenan a wajensu, a ƙasa kuma an sassaƙa shi kansa bisa doki daidai lokacin da harbi ya same shi, jikinsa ya karkata baya dokin ya ɗaga ƙafafun gaba. Bishiyoyi sun rufe wurin da inuwa ga wata ciyawa mai ruwan toka tana reto daga rassansu. Da ni kaɗai na je da hoto kawai zan ɗauka in wuce, gaskiya mutumin nan ya san aikinsa a nan, ya tsayar da mu ya ɗauko labarin tun daga tushe.

Pulaski ɗan Polan ne, an haife shi a 1745, ya yi yaƙi da Rasha a ƙasarsa aka ci su da yaƙi dole ya yi gudun hijira, a Paris ya haɗu da Benjamin Franklin, wakilin Amurka a Faransa, wanda ya ba shi takarda a 1777 zuwa wajen George Washington, kwamandan sojan Amurka a yaƙin neman 'yanci daga Ingila. Bai daɗe da sauka a Amurka ba aka gwabza a Brandywine cikin watan Satumba, shi ne ya ja mahaya suka tare Turawan Ingila har rundunar Amurka ta samu ta janye, kwanaki kaɗan bayan haka majalisa ta ba shi muƙamin birgediya janar kan sojan doki. Abin da na ji daɗi shi ne mai bayanin bai ɓoye cewa zaman bai yi masa daɗi ba, Turancinsa kaɗan ne, hafsoshin Amurka ba sa son karɓar umarni daga baƙo, rigima ta yi yawa har ya ajiye muƙamin a 1778 ya kafa tasa rundunar, wani lokaci da kuɗin aljihunsa yake ɗaukar nauyinta. Duk wanda ya taɓa zaman ƙasar wani ya san wannan ciwon, kana ba da ƙarfinka ana kallon harshenka.

Ranar 9 ga Oktoba 1779 sojojin Amurka da na Faransa suka afka wa Savannah don ƙwato ta daga Ingila, harin ya watse, mutane suka faɗi da yawa cikin ɗan lokaci, shi kansa kwamandan Faransa d'Estaing ya ji rauni, Pulaski kuma harbin igwa ya same shi, ya cika bayan kwana biyu yana da shekara 34. Garin bai fita hannun Ingila ba sai 1782. Lafayette, janar ɗan Faransa da ya yi wa Amurka yaƙi, da ya dawo ziyara a 1825 shi ya aza harsashin abin tunawa da shi, amma hasumiyar da ake gani yanzu sai a shekarun 1850 aka gina ta. Sai kuma zancen kabarinsa, wasu sun ce a teku aka binne shi daga jirgin ruwan da ya rasu a ciki, wasu sun ce a wata gona kusa da gari, ƙasusuwan da aka tono daga gonar ne aka sa a gindin hasumiyar, an sake fito da su a 1996 lokacin gyara aka yi ta bincike sannan aka mayar a 2005. A 2009 Amurka ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa ta girmamawa, shekara 230 bayan rasuwarsa.

To ga inda raina ya ɓaci. Bayan wannan bayani mai kyau sai aka shiga labarin fatalwa da gidajen masu kuɗi, wane gida ake jin motsi da dare, wane ɗaki aka yi kisa, lokaci yana ta tafiya rana tana dukanmu ga zafin garin mai gumi, shi kuma ba shi da lasifika in kana baya rabin maganar ba ka ji. Na tambaye shi yaushe za mu je dandalin Franklin ya ce ba ya cikin hanyarsu, in ina so in je da kaina bayan an tashi. Wallahi abin ya tsaya min a rai. A can ne fa aka kafa gumakan tunawa da baƙaƙen sojojin da suka zo daga Saint-Domingue, wato Haiti ta yau, sama da mutum 500 da suka biyo rundunar Faransa suka yi wannan yaƙin dai, a filin daga ɗaya da Pulaski. Su ma baƙi ne, su ma an zubar da jininsu saboda 'yancin ƙasar da ba tasu ba, amma nasu abin tunawar sai 2007 aka buɗe shi. Ta yaya za ka ba da labarin baƙin da suka mutu a Savannah ka tsallake su?

Na taka na je. Gumakan tagulla ne, sojoji riƙe da bindigogi ɗaya ya faɗi da rauni, gefe kuma ga ƙaramin yaro da ganga wanda ake cewa Henri Christophe ne, wanda daga baya ya zama sarki a arewacin Haiti. Cocin First African Baptist na kallon wurin. Na daɗe a tsaye ina karanta rubutun da ke jikin dutsen, ba rukunin 'yan yawo ko ɗaya da ya tsaya a lokacin da nake wurin.

In za ku je ku zaɓi zagayen safe, ku sa takalmi mai taushi ku riƙe ruwa don tsofaffi da yara za su gaji. Kafin ku biya ku tambaya ƙarara ko zagayen tarihin yaƙi ne ko na fatalwa, sannan ko akwai Franklin da filin da aka yi harin kusa da gidan tarihin garin a cikin hanyar. In suka ce babu ku nemi wani kamfanin, suna da yawa. Nawa dai na ba su tauraro uku cikin biyar, ukun nan kuma saboda bayanin Monterey ne.