Gilashin titaniyom da na saya: shekara guda tsakanin Lome da Maraɗi

Jama'a masu tambayata batun gilashin nan, to ga abin da na gani. Ni aikina tsakanin tashar jirgin ruwa ta Lome ne da Maraɗi, kuma duk wanda ya zamna bakin teku ya san iskan can ba ya ƙyale ƙarhe, ruwan teku lita guda yana da gishiri wajen giram 35, ga zuhwa kuma. Gilashi biyu na jefar, ƙafafunsu sunka yi kore har suna bar min shaida bayan kunne.

Wanga jika 45 na saye shi. Mai shagon ya ce jikin gilashin na wani irin ƙarhe ne da ake kira titaniyom, bugun 3D, wato garin ƙarhen ake shimhiɗawa hasken leza mai zahi na narka shi hawa-hawa har abin ya tashi. Na ce a raina zancen 'yan kasuwa ne. Amma wallahi bai yi ƙarya ba, shekara guda ko ɗigon tsatsa babu ga jikin, kuma ba shi da nauyi ko kaɗan, kusan rabin nauyin baƙin ƙarhe ne, har mantawa nike shina hanci. Ƙanena da ya yi karatun injiniya ya ce wani ɗan ɓawo ne siriri ke rufe titaniyom da ya haɗu da iska, ko an karce shi sai ya sake yin wani, shi ya sa gishiri ba ya samun wurin kamawa.

Sai dai fa ga inda anka cuce ni. 'Yan ƙusoshin da ke riƙe ƙafafun ba titaniyom ba ne, na kanga mayen ƙarhe sai ga su sun like. Wata biyar sunka yi ja, guda ta karye ina cikin sallar la'asar. Wai in titaniyom na manne da ƙarhe na banza ga ruwan gishiri, na banzan ne ke saurin ciwuwa. Na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a babbar kasuwa, ya ce Alhaji godiya za ka yi ƙusa ce, da jikin ne ya karye ba mai sudur (walda) ɗin da zai like maka shi nan, sai da wata iskar gas da ake kira argon.

Cikin ƙafafun kuma akwai kaushi-kaushi kamar yashi, ƙurar hunturu na maƙalewa, da tsohon buroshin haƙori nike wankewa duk Juma'a.

Zan ƙara saye, amma da mayen ƙarhena a aljihu za ni shagon.