Kafin ku sare mangwaron ƙofar masallaci

Yaya, barka da war haka. Ya iyali, ya mutanen Agege, ya damina?

Na samu saƙonka cewa 'yan layi sun matsa a sare mangwaron nan, wai kada iska ta kayar da shi kan wayar wuta. Ku ɗan dakata.

A nan Jamus in ana shakkar lafiyar bishiya, ba a yanke mata hukunci da ido kaɗai. Sai ka ga ganye kore shar, ɓawo ƙalau, alhali ruɓa ta gama cinye ciki. Mai dubawa yakan kafa ƙananan ƙusoshi kewaye da gindinta, su ratsa ɓawo su taɓa itace, ya maƙala wa kowanne na'urar jin sauti, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da 'yar guduma. Dabarar mai kankana ce a kasuwar Mile 12, sai dai nan kwamfuta ke saurare. Sauti na ratsa lafiyayyen itace da gudu. In ya tarar da kogo ko ruɓa sai ya yi zagaye, ya makara. Daga wannan makarar ake zana hoton cikin bishiyar. A na'urar PiCUS, wadda aka ƙirƙiro a garin Rostok, launin ruwan ƙasa a hoton lafiya ke nan, shuɗi kuwa ɓarna. Wasu na'urorin ma sautinsu ya haura haz 20,000 (ma'aunin kaifin sauti), kunnen mutum ba ya ji.

Kuma kogo kaɗai ba ya sa a sare. Akwai ma'aunin Farfesa Claus Mattheck: in kaurin lafiyayyen itacen da ya rage bai kai kashi 30 cikin 100 na tazarar ɓawo zuwa tsakiya ba, to da haɗari. Ko a hakan, sau da yawa rassa ake ragewa.

Ba don Jamusawa sun fi mu son inuwa ba ne. Doka ce: in bishiyarka ta faɗa wa motar wani saboda sakaci, kai za ka biya. Aikin da tsada, ga jiran layi. A Legas kuwa mai injin yanka kafin la'asar ya iso, amma shi bai san duba ba, sara kawai ya sani.

Ku leƙa gindinta ko akwai naman kaza, gara ko tsagewa. Sannan ku tuntuɓi hukumar LASPARK mai kula da lambuna da bishiyoyin Legas, don sare bishiya a jihar sai da izininta. Ka gaishe min da Liman.