Yumɓu ko Leda: Wane Kondansater Ya Dace da Zafin Yamai?

Duk mai gyaran rediyo ko fanka a kasuwar Katako ya saba da kondansater iri biyu, na yumɓu da na leda, wato 'yar na'urar da ke tara cajin lantarki a kan farantan ƙarfe biyu, kuma bambancinsu yana cikin abin da aka saka tsakanin farantan nan biyu. Kowane abu yana da ma'aunin riƙon lantarki, wato adadin da ke nuna sau nawa yake ninka cajin da farantan za su tara idan aka gwada da sarari fanko. Na iska kusan 1 ne, na ledar polifurofilin kimanin 2.2, shi kuwa yumɓun bariyom titanet nasa yana kai dubbai.

Shi ya sa na yumɓu, wanda bai kai ƙwayar gero ba, yake shiga wayar salula ɗari-ɗari. Sai dai wannan babban adadi ba ya zama wuri ɗaya, domin zafi yana taɓa shi, ƙarfin wutar da aka ɗora masa ma yana rage shi. A cikin na yumɓu, nau'in da ake kira X7R ba ya kauce wa ƙimarsa, wato yawan cajin da yake iya riƙewa, da fiye da kashi 15 cikin ɗari har zuwa digiri 125, amma nau'in Y5V yana iya asarar kashi 82 a digiri 85. A watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, cikin akwatin na'ura kuma ya fi haka nesa, ni dai ba zan amince da Y5V ba komai arahar sa.

Na leda ƙato ne, yana cin wuri, amma ƙimarsa kusan ba ta motsi, kuma yana jure wutar gida mai bolt 220 ba tare da ya ɗumama sosai ba. Shi ne ake samu manne a jikin fankar silin, sau da yawa mai mikrofarad 2.5 (ma'aunin ƙimar kondansater).