Tashen Turawa a tsakiyar hunturu

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ka ce in riƙa faɗa maka abin da kuɗi ke saya a Ingila. To ga na Asabar ɗin nan.

Maƙwabciyata ce ta tallata min tikitin wasan kwaikwayo na barkwanci da suke kira fanto, wanda ake yi daga Disamba zuwa Janairu: babba fam 10, yaro fam 6. Kada ka juya shi zuwa naira, ranka ne kawai zai ɓaci. Masu wasan ba ƙwararru ba ne, 'yan unguwarmu ne a nan gefen Leeds, watanni suna gwaji bayan an tashi daga aiki, kuma ko sisi ba a biyansu.

An rubuta bakwai da rabi, bakwai da rabi labule ya buɗe. Ba a jira babban baƙo ba, ba jawabin shugaban taro, ba ƙarar janareta. Zauren ɗan ƙarami, amma da ɗumi kamar ɗakin mai jego, ga gangara ta masu keken guragu, banɗakin har da ruwan zafi. Kujerun dai na roba ne, irin waɗanda muke haya ranar suna.

Labarin Aladdin da fitilarsa suka yi, na cikin Dare Dubu da Ɗaya. Uwarsa mai wankau ce, kuma al'adar wasan ita ce namiji ke fitowa a uwar. Sai ga wani ƙato da jan baki raɗau, siket kamar lema, ya maƙale murya. Da na ƙura ido, ashe mai kawo mana wasiƙu ne! Aladdin kuwa budurwa ce ta sa wando. Nan take tashe ya faɗo min, yadda daga goma ga azumi yaro zai manna auduga a haɓa ya zama tsoho da gemu. Su ma masu fanton har amshi suna da shi. Mugun boka na lallaɓowa, yara sai su ɗauki ihun cewa yana bayanka, gogan ya waiga hagu, boka ya koma dama. Turawan da ba sa amsa gaisuwa a bas, ga su suna ihu har da tsofaffi.

An watsa wa yara alawa, sai da na karanta takardar, don wasu ana haɗa su da sinadarin alade. Tikitin cacar tara kuɗin zaure kuma na ce a kai kasuwa.

Shayin hutun rabin lokaci ne ya ba ni haushi. Fam ɗaya, na taɓa kati a na'ura, aka miƙo min ruwan zafi mai launin ƙasa a kofin takarda, ba citta, ba kanumfari, madarar ma ɗigo biyu. Mai shayin bakin layinmu da ya ba ka wannan, da a ranar zai rasa ka. Idan an samu mai tahowa, don Allah a ƙullo min kayan shayi.