Kujerar Majalisar Jiha ko ta Wakilai: Wacce Ɗan Takara Zai Fara Nema?

Shekara 25 ta isa neman kowacce, tun gyaran tsarin mulki na 2018. Bambancin yana farawa ne daga aljihu. A zaɓen 2023, APC ta sayar da fom ɗin majalisar jiha naira miliyan 2, na majalisar wakilai miliyan 10.

Faɗin mazaɓa ma ba ɗaya ba ne. Kano na da kujeru 40 a majalisar jiha, 24 a ta wakilai. Kabiru Alhassan Rurum ya wakilci Rano har ya zama kakakin majalisar Kano, amma da ya nufi Abuja a 2019 sai da ya haɗa da Bunkure da Kibiya, wato ƙarin wakilan akwati da kuɗin mota.

Inda da yawa ke faɗuwa shi ne ranar zaɓe. A mafi yawan jihohi, ɗan majalisar jiha rana ɗaya yake shiga da gwamna, don haka idan guguwar ɗan takarar gwamnan wata jam'iyya ta taso, sai ta tafi da shi komai ƙoƙarinsa. Na tarayya kuwa da shugaban ƙasa yake tafiya.

Ga sabon shiga wanda bai gina jama'a a maƙwabtan ƙananan hukumomi ba, ta jiha ta fi.